Aji a Rufe, Zauren Ƙwallo a Buɗe

Wasan ƙwallon kwando ɗan hunturu ne, kuma a cikin ɗaki aka haife shi. A watan Disamba na 1891, a garin Springfield na jihar Massachusetts ta Amurka, wani malami mutumin Kanada mai suna James Naismith, da shugabansa ya ɗora masa nauyin samo wa samarin makarantarsu abin da zai ɗebe musu kewa tun da sanyi ya hana su fita fili, sai ya sa aka kafa kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace a jikin baranda, ya rubuta ƙa'idoji 13, ya jefa musu ƙwallo. Tun daga ran nan wasan bai rabu da halin haihuwarsa ba, domin a jami'o'in Amurka ana yin sa ne daga Nuwamba zuwa farkon Afrilu, a zaure mai rufi, mutum goma suna gogayya ƙirji da ƙirji, numfashin wannan a fuskar wancan, dubban 'yan kallo kuma a cunkushe suna ihu. Duk wanda ya san tafarkin da cutar numfashi ke bi ya san ba ta neman masaukin da ya fi wannan. Amma sai da aka shekara 128 kafin wannan illa ta fito fili.

Jami'o'in ƙasar suna da wata hukuma mai kula da wasanninsu, NCAA, wadda aka kafa a 1906 saboda yawan samarin da ke mutuwa a wasan ƙwallon zari-ruga irin nasu. Gasar kwandon ta ƙasa baki ɗaya kuwa a 1939 aka fara ta, shekarar da Naismith ya rasu, da ƙungiyoyi takwas kacal. Jami'ar Oregon ta doke ta Ohio State da maki 46 da 33, masu shirya gasar suka tashi da asara. Sannu a hankali abu ya bunƙasa, ƙungiyoyi suka kai 64 a 1985, suka kai 68 a 2011, ana buga wasa 67 cikin mako uku, bisa sharaɗin cewa wanda aka kayar sau ɗaya ya naɗe tabarmarsa ya koma gida. Wannan sharaɗi shi ne gishirin abin, don ƙaramar kwaleji da ba wanda ya san sunanta takan iya tumɓuke babbar jami'a cikin dare guda, shi ya sa mutanen ƙasar ke kiran lokacin haukan watan Maris, ma'aikata su bar aiki suna leƙen talabijin, har Barack Obama, sa'ad da yake shugaban ƙasa, yakan zauna gaban 'yan jarida ya cika takardar hasashen wanda zai ci.

Kafin 2020 babu abin da ya taɓa tsayar da ita. Murar 1918, wadda dattawanmu suka sani da marisuwa, ta riga gasar zuwa duniya da shekara 21, saboda haka ɓarnarta a kan ƙwallon zari-ruga ta fi sauka. Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe samari, amma ba a fasa ko shekara ɗaya ba. Ran 30 ga Maris 1981 aka harbi shugaba Ronald Reagan da rana, da dare aka buga wasan ƙarshe a Philadelphia, Indiana ta ɗauki kofi.

Dalilin wannan naci ba son wasa ba ne kaɗai, kuma wanda bai fahimci lissafin kuɗin ba ba zai gane abin da ya auku daga baya ba. A 2010 kamfanonin talabijin na CBS da Turner suka ƙulla yarjejeniyar shekara 14 da NCAA a kan dala biliyan 10.8 don su riƙa nuna gasar maza, a 2016 kuma aka ƙara shekara takwas a kan biliyan 8.8. Mafi yawan abin da hukumar ke samu a shekara, wanda a lokacin ya ɗan haura dala biliyan ɗaya, daga waɗannan makonni uku yake fitowa, daga nan ne kuma ake raba wa jami'o'i kusan 350 na aji na ɗaya, ta hanyar rukunonin da suka kasu a ciki, ta yadda duk wasan da wata ƙungiya ta buga a gasar yakan jawo wa rukuninta kason da za a yi ta biya har shekara shida. Da wannan kaso ƙananan jami'o'i ke riƙe masu ninƙaya da masu kokawa da masu tsere, waɗanda ba mai biyan ko sisi don ya kalle su. Hukumar ta zama tamkar manomin da gonarsa ɗaya, amfaninsa iri ɗaya, daminarsa kuma mako uku. Su kuwa samarin da guminsu ke jawo wannan dukiya, abin da shari'ar hukumar ta halatta musu a wancan lokaci shi ne kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai da ɗan guziri. A wancan zamani wanda ya karɓi lada don an yi talla da sunansa ya saɓa doka, ukubarsa dakatarwa.

A kan wannan hali cutar korona ta iske su, kuma cikin kwana uku aka gama komai. Ran Talata 10 ga Maris 2020 rukunin Ivy, wato tsofaffin jami'o'i takwas irin su Harvard da Yale da Princeton, suka soke gasarsu ta cikin gida, 'yan wasansu suka yi ta koke, mutane da dama suka ce gaggawa ce da tsoro marar dalili. Ran Laraba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya, shugaban NCAA Mark Emmert kuma ya ce za a yi gasar amma ba 'yan kallo sai dangi na kusa. A daren nan ne aka tabbatar Rudy Gobert na ƙungiyar ƙwararru ta Utah Jazz ya kamu, hukumar NBA ta dakatar da kakarta nan take. A daidai wannan lokaci a Indianapolis masu kallon talabijin suna ganin kocin Nebraska, Fred Hoiberg, zaune a gefen fili ya dafe kai yana zufa, aka kai shi asibiti, aka tsare yaransa a ɗakin sauya kaya, sai can aka gano mura ce ta yau da kullum. Wayewar garin Alhamis rukunoni suka shiga soke gasanninsu ɗaya bayan ɗaya. 'Yan Michigan da na Rutgers suna cikin ɗumama jiki aka ce su fita daga fili. A birnin New York, a zauren Madison Square Garden, St. John's da Creighton sun riga sun fara, aka tafi hutun rabin lokaci St. John's na da 38 Creighton na da 35, ba a dawo ba har yau. Da la'asar sanarwar NCAA ta fito: babu gasar maza, babu ta mata, babu sauran gasannin hunturu da na bazara.

Waɗanda abin ya fi ci su ne 'yan shekarar ƙarshe, domin hukumar ta mayar wa 'yan wasannin bazara shekararsu amma ta hana 'yan kwando, bisa hujjar cewa sun riga sun buga mafi yawan kakarsu. Jami'ar Dayton, wadda ba ta cikin manya, ta ci wasa 29 an ci ta biyu, kuma ɗan wasanta Obi Toppin shi aka zaɓa gwarzon shekara. Irin wannan sa'a ba ta zuwa wa ƙaramar makaranta sau biyu a zamani ɗaya. Sabrina Ionescu ta Oregon ta ƙi shiga ƙwararru shekarar da ta gabata musamman don ta dawo ta nemi kofi. Kansas kuwa, jami'ar da Naismith kansa ya koyar, ita ce ta ɗaya a jerin maza, ginshiƙinta kuma wani dogo haifaffen Legas, Udoka Azubuike, wanda ya bar Najeriya yana yaro, aka zaɓe shi gwarzon rukuninsu a shekarar; ya gama jami'a ba tare da an ba shi filin gwada wannan matsayi ba, ƙaddara kuma ta sa ƙungiyar Gobert ce ta ɗauke shi. Ta fuskar kuɗi, dala miliyan 600 da aka yi niyyar rabawa ta koma miliyan 225, kuma ko wannan da taimakon inshora aka haɗa. Jami'o'i suka fara yanke ƙananan wasanni. Stanford mai tarin dukiya ma ta ce za ta rushe guda 11, ko da yake ta janye kafin shekara ta zagayo.

Daga nan kowa ya san cewa soke gasa sau biyu a jere ba abin da hukumar za ta iya ɗauka ba ne, saboda haka mas'alar da ke gabansu ba ita ce a yi ko kada a yi ba, ita ce ta wace fuska za a yi. A nan ne suka ci karo da wata tsohuwar magana tasu. Tun shekarun 1950, zamanin Walter Byers, babban daraktan hukumar na farko, aka kafa ƙa'idar cewa ɗan wasan jami'a ɗalibi ne da ke wasa don nishaɗi, ba ma'aikaci ba, kuma an kafa ta ne don tsare jami'o'i daga biyan diyyar ma'aikata. Matar wani ɗan wasa da ya mutu sakamakon raunin da ya ji a fili a jihar Colorado a 1955 ta nemi diyya, kotun jihar ta hana ta da irin wannan hujja, Byers da kansa kuma ya fallasa manufar a littafin da ya fitar a 1995 bayan ya bar aiki. To, in ɗalibi ne kamar kowa, yaya za a ce zama a aji haɗari ne gare shi, alhali kuwa gogayya a ƙarƙashin kwando ba haɗari ba ce? Emmert da bakinsa ya faɗa a watan Mayu cewa in ba ɗalibai a harabar jami'a, ba za a yi wasa ba. Wannan magana ba ta kai kaka ba.

Dubi abin da ya faru a jami'ar North Carolina ta Chapel Hill, gidan da Michael Jordan ya fito. Ta buɗe azuzuwa ran 10 ga Agusta, cutar ta ɓarke a ɗakunan kwanan ɗalibai, ɗalibai fiye da 100 suka kamu cikin mako guda, ran 17 ga watan ta ce kowa ya koma karatu ta intanet, aka nemi ɗalibai su kwashe kayansu. 'Yan wasa suna cikin 'yan kaɗan da aka bari. Da NCAA ta zo tsai da ranar fara kaka kuma, sai ta ɗaga ta daga 10 ga Nuwamba zuwa 25 ga watan, ta kuma bayyana dalilinta ba tare da ɓoyo ba: a ranar kashi uku cikin huɗu na jami'o'in sun sallami ɗalibansu hutu ko sun koma karatu daga gida, harabar ta zama kango, ke nan 'yan wasa sun fi samun aminci. Ta fuskar kiwon lafiya hujjar daidai take, ba mai musun wannan. Sai dai ita ce kuma ikirari mafi bayyana da hukumar ta taɓa yi cewa waɗannan samari ba ɗaya suke da sauran ɗalibai ba, tun da amincinsu ya rataya ne ga rashin 'yan ajinsu. Aka rage yawan wasanni zuwa 27, aka ce wanda ya buga 13 ya cancanci shiga gasa, aka ba da shawarar gwaji sau uku a mako.

Wani abin da ya ƙara dagula al'amari shi ne Amurka ba ta da baki ɗaya a sha'anin kulle da buɗewa, kowane gwamna da hukuncinsa, kowace gunduma da likitanta, kowane rukuni da ƙa'idarsa, kowace jami'a da majalisarta, har ya zamana abin da yake halal a wannan jiha haramun ne a maƙwabciyarta. Jihar New Mexico ta hana taro, sai manyan jami'o'inta biyu suka kwashe 'yan wasansu suka tsallake iyaka, ɗaya ta yi zango a otal a Phoenix ta Arizona, ɗaya ta nufi Teksas. Gundumar Santa Clara ta Kalifoniya ta hana wasannin da ake haɗa jiki, sai 'yan matan Stanford suka yi mako tara a kan hanya, daga otal zuwa otal, suna karɓar baƙi a zaurukan aro. Gasar share fage da aka saba yi a tsibirin Maui na Hawaii aka kai ta Asheville, cikin duwatsun North Carolina. Mu da muka tashi da labarin Sayyidina Umar, da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham sa'ad da ya ji annoba ta sauka can, da kuma hukuncin da malamai suka ɗora a kai na hana shiga ƙasar annoba da hana fita daga cikinta, lalle mu ga baƙon abu a nan: doka ta rufe ƙofa don ta tsare mutane a gida, sai ta zama sanadin yawonsu jiha jiha.

Ba kowa ya bi ba. Ran 12 ga Nuwamba rukunin Ivy ya soke kakar baki ɗaya, kuma ba a rasa masu cewa abin ya zo musu da sauƙi ne don ba su dogara da kuɗin talabijin ba, wanda gaskiya ne, amma gaskiyar tana yanka ta ɓangare biyu. Wasu ƙananan jami'o'in baƙaƙen fata, irin su Bethune-Cookman da Maryland Eastern Shore, su ma suka janye. 'Yan matan Duke sun buga wasa huɗu, sa'an nan su da kansu suka ce sun haƙura, aka sanar ran Kirsimeti. Kocin mazan Duke, Mike Krzyzewski, wanda ba a yi mai nasarorinsa ba a lokacin, ya fito bayan Illinois ta doke shi ya ce ya kamata a sake duba lamarin. Kocin Alabama ya mayar masa da cewa da yana cin wasa da bai faɗi haka ba, daga baya ya nemi gafara. Ina ganin duka biyun ba su yi ƙarya ba.

Kakar da aka yi kuwa sai wanda ya gani. Zaure mai cin mutum dubu goma sha ya koma kujeru da hotunan kwali, ana sako ihun 'yan kallo daga lasifika, kujerun 'yan canji a warwatse, koci da takunkumi a fuska yana jan sa ƙasa duk sa'ad da zai yi tsawa. Mutum ɗaya ya kamu, ƙungiya duka ta shiga killacewa, abokan karawarta su shiga buga waya neman wanda zai maye gurbi kafin jibi. Ran 5 ga Disamba Gonzaga da Baylor, ta ɗaya da ta biyu a ƙasar, suna Indianapolis sun shirya karawa, saura sa'a ɗaya da rabi aka soke. Iona ta yi kwana 51 ba ta buga wasa ba. Baylor ta tsaya mako uku a Fabrairu, da ta dawo ƙafafu sun yi nauyi, Kansas ta yi mata kayen farko. Duke ta fice daga gasar rukuninta saboda mutum ɗaya ya kamu, Kentucky ta ci tara an ci ta 16, aka yi gasar ƙasa ba ko ɗayansu, abin da ba a gani ba tun 1976.

Gasar 2021 aka tattara ta duka a jihar Indiyana, inda hedikwatar hukumar take, a zauruka shida, maimakon a watsa ta birane goma sha kamar yadda aka saba. Sai ka nuna gwaji bakwai a jere ba ka da cutar kafin ka iso; kowace ƙungiya da hawanta a otal, kowane yaro da ɗakinsa, da wata 'yar na'ura a jikinsa mai rubuta wanda ya kusanta da tsawon lokacin da suka yi tare. An bar 'yan kallo su cika kashi 25 cikin 100 na kujeru. Alƙalan wasa shida aka sallama tun kafin a fara, wasa ɗaya tak kuma aka rasa, na VCU da Oregon, inda aka wuce da Oregon ba tare da an taɓa ƙwallo ba. In ana maganar tsari da iya shiri, hakika hukumar ta cika alkawarinta ga kamfanonin talabijin.

Amma tara mutane wuri ɗaya, ba aiki sai waya a hannu, ya haifar da abin da ba a shirya masa ba. An kai gasar mata San Antonio ta Teksas, can kuma wata 'yar wasan Oregon, Sedona Prince, ta ɗauki hoton bidiyo na abin da aka tanadar musu na motsa jiki, 'yan ƙarafa kaɗan a kan maratayi guda, ta haɗa da hoton katafaren zauren da aka cika wa maza da injuna; da hukumar ta ce rashin wuri ne, sai ta juya wayar ta nuna fili fetal ba kowa. Miliyoyin mutane suka gani. Aka kuma gano cewa gwajin da ake yi wa mata kullum mai rahusa ne, ba irin na maza ba. Lauyoyin da hukumar ta ɗauka su bincika suka kawo rahoto a watan Agusta cewa an gina tsarin ne kacokan don fifita gasar maza, an kuma daɗe ana sayar da ta mata ƙasa da ƙimarta. A Indianapolis kuma, Geo Baker na Rutgers da Jordan Bohannon na Iowa da Isaiah Livers na Michigan suka ta da kira daga ɗakunansu na otal cewa su ba mallakar NCAA ba ne, suna neman a sakar musu haƙƙin sunansu da hotonsu.

A fili kuwa, 'yan matan Stanford masu yawon otal suka doke Arizona da 54 da 53 ran 4 ga Afrilu, kofinsu na farko tun 1992. Washegari Gonzaga, da ta zo da nasara 31 ba kaye, tana neman ɗaukar kofi ba tare da an kayar da ita ko sau ɗaya ba, abin da ba a sake yi ba tun Indiana ta 1976, ta gamu da Baylor ɗin da cuta ta raba su a Disamba. Baylor ta ci 86 da 70.

Kuskure ne a ce annoba ce ta rushe tsohon tsarin, domin shari'ar da ta kai shi ƙasa tun 2014 aka shigar da ita, Kalifoniya kuma tun 2019 ta yi dokar ba 'yan wasa haƙƙin sunansu. Abin da annoba ta yi shi ne ta kawar da uzuri a gaban shaidu. Kotun Ƙoli ta saurari wannan shari'a, wadda ake kira ƙarar Alston, ran 31 ga Maris 2021, samarin suna killace a Indiyana ana tsakiyar gasa; ran 21 ga Yuni alƙalai tara suka yi ittifaƙi a kan hukumar, mai shari'a Brett Kavanaugh ya ƙara da nasa bayani cewa irin wannan ciniki da a wata sana'a ce da ya zama haramtacce ƙarara. Ran 1 ga Yuli aka halatta wa 'yan wasa karɓar ladan talla. A watan Afrilun shekarar aka kuma yarje musu sauya jami'a sau ɗaya ba tare da zaman shekara ba, ga shi an riga an ce kakar 2020 zuwa 2021 ba za a lissafa ta cikin shekaru huɗun kowa ba, saboda haka har zuwa 2025 ana ganin 'yan shekara 23 da 24 suna karawa da yaran da suka fito sakandare jiya, waɗanda da yawansu suka tarar guraben da suke sa rai a cike.

A watan Yuni na 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun wata ƙara ta daban, wanda ya wajabta biyan tsofaffin 'yan wasa diyyar kusan dala biliyan 2.8, ya kuma buɗe wa kowace jami'a ƙofar biyan 'yan wasanta kai tsaye har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Manyan rukunoni duka suka shiga. Rukunin Ivy ya riga ya sanar tun watan Janairu cewa shi ba ya ciki.